Umar Mukhtar da Gwamnatin Dare

A 1923 gwamnatin Mussolini ta yi fatali da yarjejeniyoyin da Italiya ta ƙulla da ɗarikar Sanusiyya, ta ƙudura sai ta mallake gabashin Libiya da bakin bindiga. Shugaban ɗarikar, Sayyid Idris, ya riga ya ƙetare zuwa Masar tun ƙarshen 1922. Wanda ya rage ya tsaya wa Italiya a gaba wani dattijo ne da ya haura shekara sittin, shehin zawiya, wanda aikinsa koyar da Alƙur'ani da sasanta rigingimun makiyaya. Sunansa Umar Mukhtar.

Ba baƙon yaƙi ba ne. A Jagbub ya yi karatu, ɗarikar ta tura shi ƙasar Chadi a zamanin da Faransawa ke kutsowa, sannan tun saukar Italiyawa a gaɓar Libiya a 1911 yake cikin masu fafatawa da su. Abin da ya koya a waɗannan shekaru shi ne, wanda ke da tsohuwar bindiga da doki ba ya jera sahu a fili ya fuskanci igwa da jirgin sama da mota mai sulke. Sai ya zaɓi yaƙin sari-ka-noƙe, ya kuma zaɓi fagen da ya dace da shi, wato Jabal Akhdar, tsaunukan da ke gabas da Bangazi, masu duhuwar itatuwa da koguna da kwazazzabai masu zurfi inda mota ba ta shiga.

Mayaƙansa ba su cika wuce dubu biyu ba, wani lokaci ma ba su kai rabin haka ba. Ya rarraba su sansani-sansani, kowace ƙabila da nata, ƙarƙashin kwamandan da ta sani ta kuma yarda da shi. Idan ayarin sojan Italiya ya taso daga bariki, kafin ya yi nisa labari ya riga ya isa dutse: mutum nawa ne, alfadari nawa, wace rijiya suka nufa. Sai a yi musu kwanton ɓauna a matsattsiyar hanya, a buɗe wuta daga sama, a kwashe bindigogi da harsasai, kafin agaji ya iso an watse. Idan kuwa Italiya ta fito da babbar runduna don ta yi musu zobe, sai su kasu kashi-kashi, su sulale ta tsakanin sahun da dare, su sake haɗuwa a bayanta. Janar-janar ɗin sukan koma bariki su rubuta rahoton nasara, bayan mako biyu a yanke musu wayar tarho a kora musu dabbobi. A watan Maris na 1927, a wani wuri da ake kira Rahiba, mayaƙan suka rutsa da wata bataliya suka kashe sojoji sama da 300.

Amma ba a cikin kwazazzabo asirin yake ba. Yawancin ƙabilun yankin sun miƙa wuya ga Italiya a takarda, sun kafa tantunansu kusa da barikoki, shugabanninsu na karɓar albashi. Da rana su talakawan Italiya ne. Da dare kuwa wakilan Umar Mukhtar ne ke zuwa karɓar ushiri na sha'ir da tumaki, su ba da takardar shaida kamar yadda kowace hukuma ke yi. Mayaƙin da ya ji rauni yakan sauko ya saje da danginsa, ɗan'uwansa ya ɗauki bindigar ya hau dutse a madadinsa. Hatta 'yan ƙasar da Italiya ta ɗauka aikin soja ta ba su makamai, harsashinsu yakan san hanyar dutse. Ga kuma ayarin raƙuma da ke ƙetarowa daga Masar da gari da shayi da sukari, su koma da dabbobi da fatu. Mutanen yankin suka riƙa kiran wannan tsari gwamnatin dare, Italiyawan da kansu kuma sun amsa cewa da zarar rana ta faɗi ikonsu ba ya wuce katangar bariki.

A ganina nan ne gwanintar dattijon ta fi fitowa, fiye da hawan doki da harbi. Riƙe ƙabilun da ba sa ga-maciji da juna a kan magana ɗaya har shekara takwas, a karɓi dukiyarsu ba tare da sun ɗauke ka ɗan fashi ba, aiki ne na mutumin da aka yarda da amanarsa tun kafin a fara yaƙi.

A 1929 an zauna sulhu da sabon gwamna, Marshal Badoglio, a Sidi Rahuma. Bai yi ƙarko ba, cikin watanni kaɗan aka koma fagen daga.

Daga nan ne Italiya ta daina farautar mayaƙa ta juya kan masu ciyar da su. A watan Maris na 1930 aka turo Janar Rodolfo Graziani. Ya rufe zawiyoyin Sanusiyya, ya ƙwace dukiyarsu. Ya kafa kotun tafi-da-gidanka da ake ɗauka a jirgin sama daga gari zuwa gari, ta yanke hukunci a zartar nan take, laifin kuwa yana iya zama mudun sha'ir da aka ba ɗan tawaye. A watan Yuni Badoglio ya rubuta masa cewa lallai a raba mayaƙa da sauran jama'a, ko da hakan zai halaka mutanen yankin baki ɗaya. Aka tattara mutum kusan 100,000, maza da mata da yara da tsofaffi, aka kora su a ƙafa da dabbobinsu zuwa sansanonin da aka kewaye da waya mai ƙaya a busasshiyar ƙasa, irin su Suluƙ da Magrun da Agaila. Wanda ya gaza a hanya a harbe shi. Dabbobi suka ƙare saboda rashin makiyaya, yunwa da cuta suka shiga mutane. Masana tarihi na ƙiyasta cewa aƙalla mutum 40,000 ne ba su fito da rai ba.

Saura hanyar Masar. A watan Janairun 1931 Italiya ta kama Kufra, cibiyar Sanusiyya ta ƙarshe a cikin hamada. Sannan cikin wata shida aka shimfiɗa shingen waya mai ƙaya mai tsawon kilomita kusan 270, daga bakin teku har zuwa Jagbub, motoci masu sulke na sintiri a gefensa, jirage na shawagi a samansa. Dutsen ya zama fayau, babu tanti, babu garke, babu mai kawo labari. Mayaƙan da suka rage, 'yan ɗaruruwa, suka koma cin abin da suka samu a daji.

Tun kafin nan, a wata arangama a 1930, sojoji sun tsinci tabaran dattijon a fagen fama, har Graziani ya yi alfaharin cewa tun da tabarau ya zo hannu, kan ma yana tafe. Ranar 11 ga Satumban 1931 aka yi wa ƙaramar tawagar Umar Mukhtar ƙawanya kusa da Sulunta. Aka harbe dokinsa, ya faɗi ya danne shi, ga rauni a hannu. Da aka gane ko wane ne, bai musa ba. A gaban kotu a Bangazi ranar 15 ga wata ya amsa cewa shi ne jagoran yaƙin, shi ya karɓi ushiri, shi ya ba da umarnin hare-hare. Hafsan Italiyan da aka naɗa ya kare shi, Kyaftin Roberto Lontano, ya yi gardamar cewa mutumin fursunan yaƙi ne tun da bai taɓa miƙa wuya ga Italiya ba balle a ce ya ci amanarta. Sakamakon wannan magana shi ma sai da aka tsare shi kwana goma.

Washegari, 16 ga Satumba, aka rataye Umar Mukhtar a sansanin Suluƙ, yana da shekara 73 ko kusa da haka. An tilasta wa mutum kusan 20,000 tsayawa su kalla. Waɗanda suka gaje shi sun ɗan taɓa, amma a watan Janairun 1932 Badoglio ya ba da sanarwar cewa tawaye ya ƙare.

Graziani ya rubuta littafi yana yabon kansa a kan wannan nasara. Gaskiyar magana ita ce babu wani yaƙi guda da ya ci wanda ya karya Umar Mukhtar. Mata da yaran da ya tsare a bayan waya ne suka biya kuɗin nasararsa. Fim ɗin Lion of the Desert na Mustapha Akkad, wanda Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon, ya zaga gidajen kallo a ƙasar Hausa, amma a Italiya hana nuna shi aka yi, sai a 2009 wata tashar talabijin ta haska shi. Shekara guda kafin nan, a 2008, Firaminista Berlusconi ya je Bangazi ya nemi afuwar Libiya kan zamanin mulkin mallaka, ya kuma sa hannu a kan alƙawarin biyan dala biliyan 5.