Iskar da Ba Ta Sallama

Masu sauraro na Hawandawaki da Korgom da Tasawa, har zuwa Mayahi da garuruwan bakin Gulbin Kaba. 

Shirinmu na yau zai taso daga bakin teku, amma a bakin rijiya zai sauka.

A shekarar 2014 wani kamfanin kayan wasanni na Faransa, Decathlon, ya fito da wani marufin fuska na masu iyo mai suna Easybreath. Roba ce garai-garai kamar gilashi, tana rufe fuska daga goshi har haɓa, da ɗan bututu a ka wanda ke leƙowa saman ruwa. Mutum ya yi rub da ciki yana kallon kifi, yana numfashi ta hanci kamar a ɗakinsa yake. Abin ya samu karɓuwa, nan da nan jabu suka cika kasuwa.

Sai ga labarai marasa daɗi daga tsibiran Hawai na Amurka. A farkon 2018 mutane da dama suka rasu cikin 'yan makonni a ruwan tsibirin Maui, wasunsu sanye da irin wannan marufi, har wasu masu kai baƙi yawon teku suka hana sa shi a jiragensu.

Ga inda gizo ke saƙar. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ce, ita ke riƙe da rai. Wadda muke fitarwa kuwa tana ɗauke da kabon dayoksaid, kusan kashi 4 cikin 100. Idan marufin bai zauna daidai a fuska ba, ko ƙofofin fitar iskarsa ba na kirki ba ne, sai mutum ya riƙa maimaita iskar da ya riga ya fitar. Masu bincike a Hawai sun ƙara gano cewa jan numfashi da ƙyar ta siririn bututu na iya tara ruwa a huhu. Kai ya yi nauyi, gaɓoɓi su saki. Ba ihu, ba fafutuka. Na kusa da shi na zaton kallon kifi yake.

To jama'a, mu ba mu da teku, amma wannan shirun mun san shi.

Ku tuna ranar yasar rijiya da bazara, lokacin da guga ta fara dawowa da laka. Mai yasa ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya kama igiya ya sauka, ƙafa na laluben bango. Na sama suna jin ƙarar kwano yana kankarar ƙasa. Can sai ƙarar ta tsaya. A ce, "Malam, lafiya?" Shiru. Ƙaninsa ba zai tsaya tambaya ba, zai bi shi. Shi ma shiru. Na uku ya bi. 'Yan kwana-kwana na jihar Kano sun sha ciro mutum fiye da ɗaya daga rijiya guda ta wannan hanya, kuma wannan ne ke sosa mini rai, don ƙauna ce ta tura na biyu da na uku.

Wasu kan ce mutanen ɓoye ne. Ni dai abin da zan gaya muku shi ne, ganye da ya ruɓe, ko ɗan akuyar da ya faɗa ya mutu, suna cinye oksijin ɗin ƙasan rijiya. Kabon dayoksaid kuma ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwari. Ba ta da launi, hanci ba ya jin ta.

Tsofaffin maginan rijiya suna da dabara: a kunna fitilar ƙwai a zura ta da igiya har ƙasa. In ta mutu, ba mai sauka. A bar bakin a buɗe, a ɗaura reshe mai ganye a yi ta ɗagawa ana saukewa har iska ta sauya, a sake gwadawa. Amma don Allah ku saurara da kyau: fitila ba ta tona asirin hayaƙin inji. In an saukar da injin jan ruwa cikin rijiya, ko an ajiye shi dab da baki, yana fitar da kabon monoksaid, gubar da ke kama jini, fitila kuwa tana ci abinta. Injin ya tsaya nesa, ta inda iska ke kwashe hayaƙin.

Shi kuma marufin masu iyo, in wani ya tsinto shi a gwanjo, kada ya ɗauka zai yi masa amfani a rijiya ko a ƙasan tabki. Ba iska a cikinsa, abin da ke kewaye da kai shi zai ba ka. Kada kuma a ba yara su shiga kududdufi da shi da damina, don cire shi cikin firgici ba wasa ba ne.

Duk mai sauka, igiya ta biyu a ɗaure a ƙirjinsa ta ƙarƙashin hammata, ƙarti biyu na riƙe da ita, ana yi masa magana yana amsawa. Da zarar muryarsa ta canza ko ya yi jinkirin amsa, a jawo shi, ko da yana cewa lafiya lau. A kwantar da shi a fili, jama'a su ja baya ya sha iska. In ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi ba tsayawa, wani ya ruga neman mota zuwa likita, wani kuma ya buga lamba 18 ta 'yan kwana-kwana.