Kabare, Masaƙin Bishiyar Ƙofar Gida

Da zarar damina ta kankama, ciyawa ta yi tsawo, sai ka tarar da bishiyar dogon yaro ko giginya a bakin gari ta cika da sheƙuna kamar ƙananan goruna, suna reto a ƙarshen rassa, ga hayaniya tun asuba har faɗuwar rana. Mai wannan aiki shi ne kabare. Magidanta da yawa ba su san shi da komai ba face surutu da ɓata tsakar gida, har wasu kan sare bishiyar don su huta. Amma wanda ya tsaya ya duba da kyau zai tarar akwai tsari a cikin wannan hayaniya.

Kabare ƙaramin tsuntsu ne, tsawonsa santimita 15 zuwa 17, kuma ana samunsa a mafi yawan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. A lokacin hayayyafa namijin kan yi ado: kai baƙi wuluk, ƙeya ruwan ƙasa, ƙirji da ciki rawaya, ido ja. Idan lokacin ya wuce sai ya zubar da wannan gashi, ya koma kusan kalar tamatar, wadda launinta bai da haske sosai. Shi ya sa wasu ke zaton tsuntsun ya yi ƙaura da rani, alhali sau da yawa yana nan, tufafi kawai ya sauya.

Saƙar sheƙa aikin namiji ne. Yakan tsage ɗanyen ganyen ciyawa ko na dabino da bakinsa, ya ɗaura a reshe, ya fara da zobe, sa'an nan ya gina ɗaki a kansa, ya bar ƙofa ta ƙasa. Sheƙa ɗaya kan ci zare wajen 300, kuma gwani kan gama ta cikin kimanin yini guda. Matasan maza kuwa saƙarsu sako-sako ce, sai sun yi ta gwadawa kafin bakinsu ya faɗa. Rataye sheƙa a siririn reshe, da juya ƙofarta ƙasa, suna wahalar da maciji da sauran masu farautar ƙwai.

In ya gama sai ya maƙale a ƙasan sheƙar, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana kuka. Wannan kira ne ga mace, kuma shi ne mafi yawan surutun da muke ji. Ita kuwa ba ta amincewa sai ta shiga ta duba. Ta fi son sabuwar saƙa mai ɗanyen launi. Idan sheƙa ta bushe ba a karɓe ta ba, shi da kansa zai warware ta ya soma wata. In ta amince, sai ta shimfiɗa lallausar ciyawa a ciki, ta saka ƙwai 2 ko 3, ta kwanta a kansu kimanin kwana 12. 'Ya'yan kan tashi bayan mako uku ko ƙasa da haka kaɗan.

Akwai wani tsuntsu kore mai sheƙi, Turawa na kiransa Didirik saboda kukansa, wanda ba ya gina sheƙa. A ta kabare yake sulalewa ya saka ƙwansa. Kariyar kabare ita ce kowace mace tana da irin launi da ɗigon ƙwanta, wata fari, wata shuɗi-shuɗi, wata mai zane, don haka takan gane baƙon ƙwai ta jefar. A ƙarni na 18 an kai kabare tsibirin Hisfaniyola, inda ƙasar Haiti take, kuma babu Didirik a can. Binciken masani David Lahti na shekarar 2005 ya nuna cewa bambancin ƙwai tsakanin matan can ya ragu.

Gaskiya ne kabare yana taɓa gero da dawa da shinkafa, kuma manomi yana da haƙƙin tsare gonarsa. Sai dai kada a haɗa shi da jan-baki, wanda ke zuwa da miliyoyi ya cinye gona. Haka kuma da ƙwari da tsutsotsi kabare ke ciyar da 'ya'yansa, cikinsu har da masu ɓata amfanin gona.

Saboda haka, ya kai maigida, idan bishiyar ta dame ka, ka yi haƙuri damina ta wuce, sheƙuna su zama kango, sa'an nan ka rage rassan da ke kan rufinka. Sarewa a tsakiyar damina zubar da ƙwai da 'yan tsaki ne masu yawa a lokaci guda, ga asarar inuwa ta shekaru. Yara masu danƙo kuma a zaunar da su a gindin bishiyar, a ce su zaɓi namiji ɗaya su bi saƙarsa da ido daga zobe har ƙofa.