Inbata da Wutar Gari

Ɗalibi, idan ka zaga unguwannin Minna, kamar Bosso da Tunga, za ka ga farantan sola a kan rufin gidaje. Wutar da farantin yake samarwa fuska ɗaya take bi. Ita kuwa wutar gari, wadda take fitowa daga madatsun ruwa irin su Shiroro da Kainji, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Na'urar da take mayar da wutar sola irin ta gari ita ce inbata.

Akwai inbatar da ake haɗawa da layin wutar gari. Wajibi ne ta daidaita tafiyarta da ta layin, kamar mata masu lugude: idan ɗaya ta saɓa, sai taɓarya ta bugi taɓarya.

Amma ka san halin wutar gari. Wani lokaci ta yi rauni, wani lokaci ta zo da ƙarfin da zai ƙone kaya. Saboda haka injiniyoyi ba sa tsara inbata domin ranar daɗi kaɗai. Suna sa mata ƙwaƙwalwa mai auna wutar layi sau dubbai a daƙiƙa, tana gyara tata nan take. Idan aka ɗauke wuta, sai ta yanke kanta daga layin, don kada wutarta ta kama ma'aikacin da yake gyara a kan turke.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin inbata?
2. Don me take yanke kanta daga layi?