Washin Aska: Abin da Ya Kamata Mai Koyo Ya Sani

A Kano da Katsina da Zariya, da sauran garuruwan ƙasar Hausa, idan jariri ya cika kwana bakwai akan kira wanzami ya yi masa askin suna. Wanzamin zai zauna ya buɗe zabirarsa, ya zaɓi aska, amma ba zai kai ta kan jaririn ba sai ya tabbatar da kaifinta. Dalili kuwa shi ne, idan aska ta dakushe ba ta cin gashi sai an danna ta, wajen dannawar nan kuma ake yanka mutum. Ke nan dakusasshiyar aska ta fi mai kaifi haɗari, kuma wanda bai iya washi ba bai gama koyon aski ba.

Mai karatu na iya tambaya, yaya gashi zai dakusar da ƙarfe? A shekarar 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun duba bakin reza da madubin ƙara girma mai ƙarfi, suka ga cewa ko da yake ƙarfen ya fi gashi tauri kamar sau 50, idan silin gashi ya lanƙwasa yayin da ake yankansa yakan ɓantare bakin, ya bar ƙananan giɓi waɗanda ido ba ya gani. Aikin dutsen washi shi ne ya cinye ƙarfen kaɗan kaɗan har giɓin nan su ɓace.

Babban kuskuren mai koyo shi ne ya ɗauki aska kamar wuƙar mahauci. Ita wuƙa akan ɗaga bayanta daga kan dutse, hannu ne ke riƙe karkatarta. Haka ma askar maƙeran gida mai shafaffen jiki, shi ya sa yaron wanzami yakan daɗe kafin hannunsa ya faɗa. Amma aska mai naɗewa, irin wadda garuruwan Sheffield na Ingila da Solingen na Jamus suka yi suna wajen ƙerawa, dabam take. An rarake kumatunta biyu, an bar bayanta da kauri, ta yadda idan aka kwantar da ita a kan dutse, baya da baki ne kaɗai za su taɓa shi. Watau maƙerin ya riga ya auna karkatar da ake bukata, wajen digiri 16, ya ajiye ta a jikin askar. Wanda ya ɗaga bayan ya ɓata wannan awo.

Game da duwatsu, akan fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, kuma yawan lambar da aka rubuta a jikin dutse, yawan laushinsa. Dutse mai lamba 1,000 shi ne ke fitar da baki, mai lamba 4,000 ya share zanen da na farko ya bari, sa'an nan mai lamba 8,000 ko fiye ya goge bakin har ya yi sheƙi. Kafin zuwan duwatsun masana'antu, wanzaman Turai sun dogara ga duwatsun da ake haƙowa, kamar rawayan dutsen nan na yankin Vielsalm a ƙasar Beljiyam. Kowane iri ne dai, wajibi ne fuskarsa ta zama a shimfiɗe sosai. Idan tsakiyarsa ta lotsa, sai a shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takardar yashi irin ta kafintoci a kan gilashi, a goga dutsen a kanta har ya daidaita.

Ga yadda washin kansa yake. A jiƙa dutse da ruwa, a kwantar da aska, a tura ta baki a gaba, kamar ana son a fere fuskar dutsen, ana kuma jan ta kaɗan zuwa gefe don bakin ya taɓa tun daga gindi har tsini. Idan an kai ƙarshe, sai a mirgina ta a kan bayanta, a komo da ɗaya kumatun. Kada a juya ta a kan baki. Yawan shafar da aka yi wa wannan gefe, shi za a yi wa wancan, kuma a dutsen ƙarshe nauyin askar kaɗai ya isa, gama bakin ya yi sirancin da ko ɗan dannawa zai lanƙwasa shi.

A dutsen farko ne ake cin nasara ko a yi asara. Dabara mai sauƙi ita ce a shafa tawada a bakin askar, a yi shafa biyu ko uku, a duba: duk inda tawada ta rage, dutse bai taɓa wurin ba. Kada mai koyo ya wuce zuwa dutse na biyu sai askar ta iya aske gashin dantse a duk tsawon bakinta. Wanda ya yi gaggawa a nan, sai ya sami aska mai sheƙi wadda ba ta aski, kuma fuskar mai aski ce za ta ba da labari, musamman idan aski ya zo gaban goshi.

Bayan dutse sai fata. A ɗaure bakinta ɗaya, a ja ɗayan ta miƙe sosai, a kwantar da aska a ja ta, amma wannan karon baya ne a gaba, in ba haka ba za a yanka fatar. Fata ba ta cin ƙarfe kamar dutse, miƙar da bakin take yi tana goge shi. Saboda haka kafin kowane aski akan yi shafa 30 zuwa 50 a kanta, alhali mai aske gemunsa shi kaɗai yakan yi watanni bai koma kan dutse ba. Idan an gama aski, a share askar ta bushe, a ɗan shafa mata mai saboda tsatsa.

Gaskiya ne masu wannan gwaninta suna raguwa tun daga shekarar 1903, lokacin da kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da rezar da ake yarwa idan ta dakushe. Ko a wurare masu nisa haka abin yake. A unguwar titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da ke birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya, wanda dā ake kira Batu Road, wanzamai 'yan asalin Indiya suna riƙe da abin da ya yi kama da aska mai naɗewa, amma galibi sabuwar reza suke sa masa ga kowane mutum.

Wannan canji yana da hujja, domin kaifi dabam, tsabta dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum har kwana bakwai ko fiye, kuma dutse da fata ba su kashe ta. Don haka wanda ya koyi washi, abin da ya fi shi ne askarsa ta zama tasa shi kaɗai. Wanzamin da ke yi wa jama'a aski da askar ƙarfe kuwa, wajibi ne ya wanke ta ya tafasa ta bayan kowane kai, ballantana idan kan da ke jira na ɗan kwana bakwai ne.