ƊANYEN MANGWARO BA ABIN ZUBARWA BA NE

Idan bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi kan tsananta a ƙasar Kano. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan kai 40, wata rana ma ya wuce. A wannan lokaci ne manoman Zurgu da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya suke sharar gona da kai taki. Mutum yakan wuni cikin rana yana zufa. Zufa kuwa ba ruwa kaɗai take fitarwa daga jiki ba, har da gishiri. Shi ya sa ake jin kasala, da ciwon kai, da ɗaurewar jijiyoyi.

A daidai wannan lokaci mangwaro yake 'ya'ya. Iskar bazara takan kakkaɓo da yawa tun bai nuna ba. Yara su tsinci kaɗan su ci da gishiri da yaji, saura ya ruɓe a gindin bishiya. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Wannan mangwaro da ake bari a ƙasa, ana iya yin abin sha mai amfani da shi.

Mutanen Indiya, wato yankin da mangwaro ya samo asali, sun daɗe da sanin haka. Suna dafa ɗanyensa su haɗa da gishiri da kayan ƙamshi, su sha lokacin zafi. Sunan abin a wurinsu "am panna". Kayan haɗinsa kuwa akwai irinsu a kasuwanninmu.

Kayan da za a tanada

Ɗanyen mangwaro manya guda 4, masu tauri, waɗanda ba su fashe ba. Ruwa mai tsabta lita 2. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Citta kaɗan, kanumfari guda 4, da masoro. Ganyen na'a-na'a idan akwai. Sukari ko mazarƙwaila daidai yadda zai kashe tsami.

Yadda ake yi

Da farko a wanke hannu da sabulu. A wanke mangwaron sosai, musamman wajen hancinsa. Ruwan da ke fita a nan yana da kaifi, shi ne yake ƙona leɓen yara.

A zuba shi a tukunya da ɓawonsa, a sa ruwa ya rufe shi. A dafa kamar minti 20, har ya yi laushi, yatsa na iya lotsa shi. Wanda ya fi so yana iya binne shi a toka mai zafi ya gasu. Gasasshe ya fi ƙamshi.

Idan ya huce sai a ɓare, a matse tsokar a ƙwarya, a jefar da ƙwallon. A daka citta, kanumfari, masoro da na'a-na'a, a zuba. A burga da maburgi har ya yi sumul. Sannan a ƙara ruwan nan lita 2, wanda aka riga aka tafasa ya huce. A tace da rariya. A sa gishiri da sukari, a ɗanɗana.

Wannan ba zoɓo ba ne, ba kuma kunun zaƙi ba. Daɗinsa yana cikin tsami da ɗan gishiri, don haka kada zaƙi ya yi yawa. A zuba a tulu mai tsabta, a rufe, a ajiye a inuwa ya yi sanyi. Mai tafiya gona yana iya ɗura shi a gora.

Abin lura

Akwai masu cewa cin mangwaro kafin ruwan farko yana kawo zazzaɓi. Gaskiyar magana, zazzaɓin cizon sauro daga sauro yake zuwa. Abin da ke sa yara gudawa shi ne cin mangwaron da aka tsinta a ƙasa ba wanki, ƙudaje sun gama hawa. Yawan cin ɗanye kuma yakan sa ciwon ciki. Wanki da dafuwa suna rage wannan matsala ƙwarai.

A sha a ranar da aka yi, domin zafi yana saurin lalata shi. Idan ya fara kumfa ko wari, a zubar. Mai hawan jini ya rage gishiri, mai ciwon sukari ya bar sukari. Mai gyambon ciki ya yi hankali da tsami. Jaririn da bai kai wata 6 ba kada a ba shi, nonon uwa ya ishe shi.

Haka kuma wannan abin sha ba maganin gudawa ba ne. Yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, a kuma kai shi wurin ma'aikacin lafiya da wuri.

Saboda haka, jama'a, bana idan iska ta kakkaɓo mangwaro, a aika yara da kwando su tsinto masu kyau. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa, matan gida kuma su gwada.