Kaɗa Ƙararrawar Coci a Ƙasar Ingila

A yawancin ƙasashen da mabiya addinin Kirista suke, aikin ƙararrawar coci shi ne sanar da lokacin ibada, kuma mutum ɗaya ya isa ya kaɗa ta. A Ingila kuwa al'amarin ya zarce nan. Tun daga ƙarni na 17 mutanen wannan ƙasa suka mayar da kaɗa ƙararrawa fasaha ta taron jama'a, mai dokoki da lissafi, wadda akasari ake yi don sha'awa. A shekarar 1637 aka kafa wata ƙungiyar makaɗa a birnin Landan wadda har yau tana nan, sannan Fabian Stedman ya wallafa littafinsa Campanalogia a 1677.

Kafin a fahimci wannan fasaha, wajibi ne a san yadda ake rataya ƙararrawar. Akan jera shida ko takwas, wani lokaci har goma sha biyu, a saman hasumiyar coci. Kowacce tana haɗe da wani babban wili na katako wanda aka naɗa wa igiya. Makaɗan sukan tsaya a da'ira a ɗakin da ke ƙasa, kowa da igiyarsa. Idan aka ja, ƙararrawar takan yi cikakken juyi, kuma takan ɗauki kimanin daƙiƙa biyu kafin ta sake ƙara. Nauyinta ba abin wasa ba ne, domin babbar da ke cikin jerin babban cocin Anglika na Libaful ta ɗara tan 4. Abu mai irin wannan nauyi ba ya saurin bin umurnin hannu, saboda haka ba a iya fitar da karin waƙa da shi. Abin da makaɗi zai iya shi ne ya ɗan jinkirta ko ya ɗan gaggauta.

Daga wannan gazawa dokokin suka samo asali. Akan ba kowace ƙararrawa lamba, a kaɗa su bi da bi, sannan a riƙa sauya jerin. Ƙararrawa ba ta matsawa fiye da gurbi ɗaya a sauyi guda, kuma ba a maimaita jerin da ya riga ya wuce. Ga misali da guda uku: 123, 213, 231, 321, 312, 132, sai a komo 123. Uku suna ba da jeri 6 ke nan. Bakwai kuwa suna ba da 5,040, wanda kan ci kusan awa uku ba hutawa, ba kuma duba takarda. Da ka ake riƙe tsarin. Idan jeri ɗaya ya maimaitu, aikin duka ya rushe. A 1963 wasu mutum takwas a garin Lafbara suka kammala dukkan jeri 40,320 na ƙararrawa takwas cikin kusan awa 18. Malamin lissafi da ke neman misalin jeranta lambobi zai sami abin amfani a nan.

Da yake mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki, dole ƙungiya ta riƙa haɗuwa don gwaji, yawanci dare ɗaya a mako. A nan ake ganin ɗan makaranta kusa da dattijo, kuma ba sharaɗi ba ne makaɗi ya kasance mai zuwa ibada. Sukan kaɗa ranar Lahadi da lokacin ɗaurin aure. Idan rasuwa aka yi, sai a ɗaura fata a harshen ƙararrawa don muryarta ta dushe. A 1940 gwamnati ta hana kaɗawa, aka keɓe ta don gargaɗi idan Jamusawa sun shigo, ba a janye hanin ba sai 1943.

Babbar matsalar fasahar ita ce ƙarancin magada. Koyon sarrafa igiya kaɗai kan ɗauki watanni, kuma ƙauyen da ya rasa mutum biyu cikin shida, jerinsa ya gurgunce. Wannan ya sa a 2018 aka yi gangamin neman sababbin makaɗa 1,400, daidai da adadin makaɗan da suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kuma sake irinsa gabanin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023.