Shiri na Musamman: Antibayotik da Garkuwar Ƙwayoyin Halittar Jiki

Masu sauraro, shirin na yau ya waiwayi magungunan kashe ƙwayoyin cutar bakteriya, wato antibayotik, waɗanda ake saye a kemis-kemis na Janbako da Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun daga kafson nan da ake kira "ja da yalo" har zuwa Septrin da allurar jentamaisin.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana sarrafa abinci da iskar oksijin a wani sashe nata mai suna mitokondiriya domin samar da kuzari, kuma a yayin wannan aiki wasu ɓurɓushin oksijin masu illa sukan kuɓuce su riƙa cin ƙwayar kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Domin kare kanta, ƙwayar tana tanadin wasu sinadaran kariya, mafi shahara daga cikinsu shi ne gulutatayon, waɗanda ke kama ɓurɓushin kafin su yi ɓarna. A shekarar 2013 masu bincike ƙarƙashin James Collins na Jami'ar Boston a Amurka sun nuna cewa magunguna irin su sifurofuloksasin da amfisilin da kanamaisin suna dagula aikin mitokondiriya, ɓurɓushin su yawaita, sinadaran kariya kuma su ragu. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa shi ne cewa mitokondiriya tana da kamanni da bakteriya a wasu fannoni, don haka maganin da aka yi domin bakteriya yakan taɓa ta ita ma.

Jentamaisin misali ne da ya shafi wannan yanki, domin tana taruwa a ƙwayoyin ƙoda da na cikin kunne, inda take rage gulutatayon, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan jiki ya rasa ruwa, kamar yadda yake faruwa ga manomin shinkafa da ya yini cikin zafin rana a gonakin noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori. Ƙoda takan farfaɗo idan an dakatar da maganin da wuri, amma kurumtar da ta samo asali daga lalacewar kunnen ciki ba kasafai take warkewa ba.

Akwai kuma masu ƙarancin sinadarin G6PD, wata larurar gado da ta yawaita a Najeriya musamman a tsakanin maza, wadda ke hana jajayen ƙwayoyin jini sabunta gulutatayon. Magani irin Septrin ko naitrofurantoyin na iya sa jininsu ya farfashe, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi.

Antibayotik ya ceci rayuka masu yawa, kuma bai kamata wanda likita ya rubuta masa ya daina sha da kansa ba. Amma duk wanda ya ga fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, ko ya fara jin ƙara a kunne bayan allura, ya hanzarta zuwa asibiti a wannan rana, ya tafi da kwalin maganin a hannunsa.